Jaririna yana kuka a Misa: in ci gaba da zuwa da shi, ko in zauna a gida?

Wata matashiyar uwa ce ta aiko da tambayar. Ɗanta na fari yana da wata huɗu, an riga an yi masa baftisma. Tun da ta haihu sau uku ta je Misa, wato babbar sujadar Katolika, da shi, kuma duk zuwan sai ya yi kuka. A na ƙarshen wata mata da ke bencin gaba ta juyo ta harare ta har da tsaki, sai ta ɗauki yaron ta fita, ta ƙarasa Misar a tsaye a bakin ƙofa, ba ta ji wa'azi ba, ba ta kuma karɓi Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake, ba. Tana so ta sani: zunubi ne in ta zauna a gida har yaron ya yi wayo? In ta je ta ƙare a waje, ta yi Misa ko ba ta yi ba? Kuma ya halatta ta shayar da shi a cikin coci?

'Yata, barka da arziki, Allah ya raya mana shi. Na fi shekara ashirin ina shirya iyaye domin baftismar 'ya'yansu, ni ma na goyi huɗu, kuma babu ɗaya a cikinsu da bai taɓa fitar da ni daga coci ba. Bari in fara da maganar zunubi, don na san ita ce take hana ki barci.

Dokar Ikilisiyar Katolika ta shekarar 1983, a sashe na 1247, ta wajabta wa masu bi zuwa Misa ranar Lahadi da sauran ranakun idi na wajibi. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika karanta wa iyaye ba shi ne lamba ta 2181 a cikin Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992. A wurin an ce wajibin yana kan kowa sai wanda yake da babban uzuri, aka kuma kawo misali biyu kacal na irin wannan uzurin: rashin lafiya, da kula da jarirai. Ki lura, ba wani Fada mai sassauci ne ya ƙirƙiro wannan don ya faranta wa mata rai ba. Ikilisiya ce da kanta, da ta tashi ba da misali, ta kira aikin da kike yi da sunansa. Saboda haka ranar da yaro ya kwana yana zazzaɓi, ko kika kwana a zaune kina jijjiga har asuba, ko ba ki da wanda zai taya ki kuma hanyar ta fi ƙarfinki da goyo, ki zauna a gida da zuciya ɗaya. Ba ki yi zunubi ba, ba kuma sai kin ambace shi a ikirari, wato furta zunubi a gaban Fada, ba.

Sai dai kada in ruɗe ki. Uzuri ba takardar hutu ba ce ta shekara biyu. Ana duba shi ne Lahadi bayan Lahadi, kuma ke ce alƙalin, don ke kika san yadda daren ya kasance. Ma'aunin da nake ba iyaye shi ne: in da yau ranar wata muhimmiyar hidima ce da kike ɗoki, da kin iya fita da yaron? In amsar a'a ce, to ki kwanta ki huta. In kuwa zuciyarki ta ƙi natsuwa, sashe na 1245 na Dokar Ikilisiya ya ba Fadan da ke kula da cocinku ikon ya ɗauke miki wajibin a wani yanayi na musamman, ko ya musanya miki shi da wata ibada. Ki same shi ku yi magana. Ranar da kika zauna a gida, ki ware ɗan lokaci ki karanta karatun ranar, ki yi addu'a ke kaɗai ko tare da maigidanki. Kallon Misa a talabijin ko a waya yana da amfani, amma ba shi ne yake sauke wajibin ba. Uzurinki ne ya riga ya sauke shi.

Shi kuwa yaron babu wani wajibi a kansa ko kaɗan. Sashe na 11 ya ce dokokin da Ikilisiya ta kafa ba sa hawa kan mutum sai ya cika shekara bakwai kuma hankalinsa ya kai. Don haka in kika bar shi wurin kakarsa kika je ke kaɗai, ko kuka raba, ke ki je Misar yammacin Asabar, maigida ya je ta safiyar Lahadi, kun yi daidai. Misar yammacin Asabar tana cika wajibin Lahadi, sashe na 1248 ne ya faɗa. Har ma akwai wata takardar jagora kan Misa tare da yara da Roma ta fitar a 1973, wadda ta yarda a kula da ƙananan da ba su isa bin Misa ba a wani wuri dabam, a shigo da su a ƙarshe su karɓi albarka.

Bari in ɗan ratse saboda masu ɗanyen jego da za su karanta wannan. Har yanzu akwai masu zaton Ikilisiya ta hana macen da ta haihu shiga coci sai bayan wasu kwanaki, wai ba ta da tsarki. Babu wannan dokar. Tun wajen shekara ta 601 Agustin, bishop na farko na Kantabari a Ingila, ya aika wa Paparoma Giregori Babba da wannan tambayar, shi kuwa ya amsa masa cewa ko a sa'ar da ta haihu mace ta shiga coci don ta yi godiya, ba ta yi laifi ba. Albarkar da ake sa wa uwa bayan haihuwa ta godiya ce. In mai jego ta zauna a gida makonni shida na farko, don jikinta ya warke ne, kuma wannan ma dalili ne mai ƙarfi.

To, doka ke nan. In kuwa ra'ayina kike so, ki riƙa zuwa da shi duk ranar da za ki iya.

Yaron nan ba baƙo ba ne da aka yi wa alfarma. Ranar da aka zuba masa ruwan baftisma ya zama ɗan Ikilisiya cikakke, matsayinsa ɗaya da na matar da ta yi miki tsaki, ɗaya da na Fada. Gidan Ubansa ya zo. Ki buɗe littafin annabi Yowel 2:16, inda aka ce a tara jama'a domin tsattsarkan taro: an lissafa dattawa, an lissafa yara, har da masu shan nono. Labarin da aka kawo wa Yesu yara almajirai suka tsawata wa iyayen yana cikin Matiyu da Markus da Luka, amma Luka 18:15 ya yi amfani da kalmar Girkanci da take nufin jarirai, ba yaran da suka iya zama shiru ba. Markus kuma ya ƙara da cewa ran Yesu ya ɓaci da abin da almajiran suka yi. Yesu kansa yana da kwana arba'in aka kai shi Haikali, abin da muke tunawa kowace 2 ga Fabrairu. Ina yawan tunanin tsoho Saminu da ya karɓe shi a hannu: a cikin taron nan duka, shi da tsohuwa Hannatu ne suka san abin da ake yi da jariri in an kawo shi ɗakin Allah.

Akwai kuma dalilin da ya shafe ki ke kanki. Watannin farko na goyo suna da kaɗaici fiye da yadda ake faɗa. Na ga mata da yawa da suka ce bari yaro ya yi wayo tukuna, kafin ya yi wayo ƙaninsa ya zo, kafin ka ce kwabo shekara biyar ta wuce, komawar ta zama nauyi. Ba rashin bangaskiya ne ya raba su da coci ba, kunya ce ta fara, sabo ya ƙarasa.

Yanzu batun tsayuwa a bakin ƙofa. Kin yi Misa. Malaman tauhidi sun daɗe suna koyar da cewa wanda yake haɗe da taron masu sujada, ko da cunkoso ko wata larura ta tsayar da shi a waje, yana cikin masu halarta matuƙar niyyarsa tana tare da abin da ake yi a bagade. Gaskiya ne Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a takardarta kan sujada ta 1963, ta ce karatun Maganar Allah da hadayar Yukaris, wato tsarkake gurasa da ruwan inabi, ibada ɗaya ce, ta kuma buƙaci a halarci Misa daga farko har ƙarshe. Amma da mai zuwa a makare don ganin dama take, ba da uwar da take safa da marwa a baranda da yaro a kafaɗa ba. Abin da ya fi ba ni takaici a wasiƙarki shi ne da kika hana kanki Tarayya. Babu sashen doka da ya ce wanda bai ji wa'azi ba, ko bai ji Bishara ba, kada ya karɓa. In ba ki da babban zunubi a kanki kuma kin kiyaye azumin awa ɗaya, ki shiga layi da yaronki a hannu. Azumin nan ma ana ƙirga shi ne zuwa lokacin karɓa, ba zuwa lokacin fara Misa ba, kuma ruwa da magani ba sa karya shi. Mai shayarwa ba ta wasa da yunwa: ki ci abinci kafin ki bar gida, ki tafi da ruwan sha. A Misar Lahadi, kafin ki iso a kuma kai ga Tarayya, awar ta cika.

Shayarwa a coci kuwa halal ce, ba ma sai an ja magana ba. Ranar 12 ga Janairu 2014 Paparoma Faransis ya yi wa jarirai 32 baftisma a ɗakin ibada na Sistin da ke Vatikan, wato ɗakin da ake zaɓen Paparoma a ciki. A nan ya ce wa iyaye mata in yaran sun ji yunwa su ba su su sha ba tare da wani ɗari-ɗari ba, ya kuma sake faɗin haka a shekarar da ta biyo baya. In an yi a can, ban ga cocin da ya fi ƙarfin a yi a cikinsa ba. Ko ki yafa mayafi ko kada ki yafa, wannan ya rage naki da abin da ya fi miki sauƙi. Wasu yaran da zarar an rufe musu fuska sai su ƙara birkicewa. Mai ba da madara a bulumboti ita ma ta bayar a inda take zaune.

Amma fa dole mu raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai motsin jariri, akwai ihun jariri. Gwaranci, ɗan ƙunƙuni, atishawa, gyatsa, dariya, kukan da bai wuce a sa masa nono ya yi shiru ba, duk wannan ba dalilin tashi ba ne. Wanda wannan ya hana shi addu'a, ba yaron ne matsalarsa ba. Amma in ya canyara kuka, kin ba shi nono ya ƙi, kin jijjiga ya ƙi, har na kusa da ke ba sa jin abin da ake karantawa, to ki tashi a hankali ki koma baya ko ki fita, ya huce, ki dawo. Wannan ba kora ba ce, ladabi ne, irin wanda mai tari yake yi. A cikin bencin nan akwai tsohon da kunnensa ya yi nauyi, akwai wadda ta binne mijinta a makon nan ta zo neman kalma ɗaya da za ta riƙe. Su ma 'yan gida ne. Kuskuren da kika yi ɗaya ne, da kika fita ba ki dawo ba.

Game da matar nan, ban san abin da ke ranta ba, ke ma ba ki sani ba. Ba ta kyauta ba, wannan babu shakka. Amma ina roƙonki kada ki ba tsakin mutum ɗaya nauyin da ba ki ba murmushin mutum hamsin ba. Uwa tana jin kukan ɗanta ninki goma a kan yadda kowa ke ji. Ɗiyata ta biyu ta taɓa tsala ihu daidai lokacin da aka kaɗa ƙararrawa Fada ya ɗaga gurasar da aka tsarkake, coci ya yi tsit, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan an tashi na je ina ba wata dattijuwa da ke kusa da ni haƙuri, sai ta dube ni da mamaki ta ce, wane kuka? Daga ranar ta zama mai karɓar mini yarinyar duk lokacin da zan je karɓar Tarayya. Ki duba da kyau, a cocinku ma akwai irinta, tana jira ne kawai ki miƙa.

Sauran dabaru ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki haɗa jaka tun daren Asabar: nafkin biyu ko uku, kayan canji nasa, ƙyallen goge tumbuɗi, da mayafi ko riga ta canji taki, don tumbuɗi ba ya sallama. Kada ki cika jakar da kayan wasa masu ƙara. In cocinku yana da Misa fiye da ɗaya, ki zaɓi wadda ta faɗa a lokacin barcinsa, ko da ba ita kika saba zuwa ba. Ta sassafe ta fi gajarta a wurare da yawa. Ki shayar da shi ya ƙoshi, ya yi gyatsa, ki canza masa nafkin dab da fita. A cikin coci kuma ki sa ido: kuka shi ne alamar yunwa ta ƙarshe, ba ta farko ba. Kafin ya kai can zai fara juya kai yana neman nono, yana tsotsar hannu, yana motsa leɓe. In kika tare shi a nan, rabin matsalar ta kau. Wani abin da zai kwantar miki da hankali: kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen mako shida da haihuwa, ya riƙa raguwa daga wata uku zuwa huɗu. Lokacin kuka mafi wuya kin riga kin wuce shi.

Ki zauna a bakin benci, kusa da hanya, inda za ki tashi ba tare da kin tsallake ƙafafun mutane ba. Ki nisanci lasifika da wurin masu kiɗa. Kunnen jariri bai da ƙwari, kuma sau da yawa abin da ake zaton rigima ce, ƙara ce ta dame shi. Haka hayaƙin turare, in ana amfani da shi, kada ku zauna inda yake taruwa. Durƙuso da yaro a hannu ba dole ba ne. Ƙa'idar Misa da kanta ta ce wanda rashin lafiya, ko ƙarancin wuri, ko wani dalili mai ma'ana ya hana shi durƙusawa lokacin tsarkakewa, ya sunkuya sosai sa'ad da Fada ya durƙusa. In yana barci a ƙirjinki, ki yi zamanki. Wajen karɓar Tarayya, in hannuwanki biyu suna riƙe da shi, ki karɓa a harshe, ya fi aminci. Hannun ɗan wata huɗu ya fara kai cafka, kuma ya fi naki sauri.

Lafiyarsa tana gaba da komai. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa da shi nan take, ba coci ba. Naki ya ɗan wuce nan, amma ranar da yake zazzaɓi, ko gudawa, ko numfashinsa yana sama-sama, ko ya ƙi nono, ba ranar shiga taro ba ce. Kuma kada ki ji nauyin hana mai mura ɗaukarsa ko sumbatar fuskarsa, ko wane ne shi.

Saura abin da ba ki tambaya ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganarki: wai me na samu, tunda ban ji komai ba? Kafin ki haihu kina iya rufe ido ki bi Misa daga alamar gicciye har sallama. Wannan irin addu'ar ta tafi hutu, za ta dawo, amma ba bana ba. Kada ki auna ta yanzu da mudun waccan. Abin da nake ba iyaye shawara shi ne su karanta Bisharar Lahadi tun ranar Asabar, lokacin shayarwar dare ma ya isa, don in an zo karantawa a coci ko rabi kika ji kin san inda aka dosa. Sannan ki zaɓi wuri ɗaya tak a cikin Misa da za ki tattara hankalinki gaba ɗaya, ko da na daƙiƙa goma ne. Ni nakan zaɓi lokacin da Fada yake cewa wannan jikina ne da za a bayar dominku. Macen da jikinta ya ɗauki mutum wata tara, yanzu kuma yake ciyar da shi dare da rana, tana jin wannan maganar ta hanyar da ni ban taɓa jinta ba kafin in haihu. Shi ma yaron ba a banza yake zaune ba. Yana jin muryarki cikin waƙa, yana ganin haske da launi, yana jin hannunki kina yi masa alamar gicciye a goshi. Ba zai tuna ba, kamar yadda ba zai tuna ranar da ya fara jin sunansa ba, amma zai amsa shi.

Ki kuma gaya wa maigidanki cewa wannan ba aikinki ba ne ke kaɗai. Ranar baftisma ku biyu aka tambaya ko kun ɗauki nauyin renonsa cikin bangaskiya, ku biyu kuka amsa. In ba yunwa ce ta sa kukan ba, kafaɗar uba tana aiki daidai da ta uwa. Ku yi karɓa-karɓa: wannan Lahadi shi ne mai fita da yaro, mai zuwa ke. Uwar baftisma da uban baftisma su ma ba don hoto aka zaɓe su ba.

Ki shirya wa abin da ke gaba, don kada ya zo miki ba zato. Wajen wata takwas zai fara ƙiwa, wadda take karɓar miki shi yau zai ƙi ta. Daga nan rarrafe, sai tatata wajen shekara guda, kuma gaskiya tsakanin shekara ɗaya da biyu da rabi ya fi yanzu wuya, don lokacin ba ya barci a hannu, ba ya kuma jin lallashi. A wannan matakin wasu yaran sun fi natsuwa a bencin gaba inda suke ganin Fada da kyandir da masu hidima, maimakon bayan manya. Dogayen ibadu kuma, irin Lahadin Ganye da ake karanta labarin shan wahalar Ubangiji gaba ɗaya, da Jumma'a Mai Kyau, da Misar daren Ista mai karatu har bakwai daga Tsohon Alkawari, ki yi musu shiri na dabam. Jumma'a Mai Kyau ba ta cikin ranakun wajibi, Misar daren Ista kuma ta safiyar Lahadi tana tsaya mata. A shekarar farko ni ta safen nake zuwa.